Kafin ka sayi littafin makamai da sulke na wasan labari, ga yadda za ka gwada shi

A fadarmu da ke Bukoki duk daren asabar in an ɗora shayi mukan shimfiɗa tabarma mu yi wasan labari, irin wanda mutum ɗaya ke jan labarin sauran kowa ya ɗauki gwarzonsa, ana jefa de wato ƙwayar nan irin ta ludo amma mai fuska da yawa, ita ke yanke ko saranka ya samu ko ya kuskure. Ni ke jan wasan yau shekara uku kenan, kuma tambayar da ta fi yawan zuwa mini a WhatsApp daga masu sabon shiga ita ce wai sun ga wani littafin ƙari a intanet cike da takubba da masu da sulke kala-kala, hotuna masu kyau, shin su saya? Amsata kullum ɗaya ce, kar ka biya sai ka gwada shi a kan tabarmarku, domin littafin makamai ba ya da amfani sai in ya sa ɗan wasa ya tsaya ya yi tunani kafin ya zaɓi abin da zai riƙe. In dogon jerin sunaye ne kawai, kana da shi tuni kyauta. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko, kafin ma ka buɗe shafin masu sayarwa, ka karɓi takardun ƴan wasanka ka duba me suke riƙe da shi da gaske. Mu Dungeons & Dragons muke yi, bugu na biyar wanda ya fito a 2014, kuma babban littafin ƴan wasa na wannan bugu yana da makamai sama da 30, da kayan kariya iri 12 ban da garkuwa. Ranar da na ƙirga a fadarmu, mu shida, makamai biyar kacal ake amfani da su, dogon takobi, baka, wuƙa, gatari da sanda, sauran duk suna kwance a littafi ba wanda ya taɓa waiwayarsu. To in mutanenka ba su gama da 30 ɗin da ke hannu ba, ƙara musu 200 ba zai motsa su ba. Ka tambaye su kai tsaye, me ke damunku a faɗa? In suka ce faɗan ya zama kullum "na sara, na kuskure, na sara", to akwai ciwo na gaske kuma wataƙila littafin ƙari ya yi magani. In suka ce labarin ne ba ya tafiya, ko dare na yi ba a kai ko'ina ba, to matsalar ba ta makami ba ce, ajiye kuɗinka.

Na biyu, kuma a nan na taɓa ƙonewa, ka tabbatar littafin na wasanku ne kuma na bugunku ne. Wasan nan tun 1974 yake, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka, kuma an sake masa doka sau da yawa. Akwai lambar kariya da ake rubutawa AC a littattafan Ingilishi, CA a na Faransanci. A tsofaffin bugu kafin shekara ta 2000 lambar nan ƙasa take yi, wanda ba ya sanye da komai yana da 9 ko 10, mai sulke yana da 5, wato ƙaramar lamba ta fi kyau. Daga bugu na uku aka juya ta, babbar lamba ta zama ita ce mai kyau, a bugu na biyar sulke 16 ne. Ni wani ɗan'uwa na roƙa ya taho mini da littafin makamai daga waje, na tura masa hoton bango kawai ban duba shekara ba, wata biyu ina jira, da ya iso na buɗe na ga sulke 5 sai jikina ya yi sanyi. Littafin yana da kyau, har yau ina karanta bayanin tarihin da ke ciki, amma lambobinsa ko ɗaya ba ta shiga wasanmu sai na zauna na sake lissafi da bik da kaye. Don haka duba bango, duba shekara, duba ko an rubuta 5e, wato bugu na biyar. Kuma ko a cikin bugu na biyar ɗin akwai na 2014 akwai gyararren na 2024, wanda ya ƙara wa kowane makami wata ƙwarewa tasa, iri takwas ne, wani makamin ya kayar da abokin gaba ƙasa, wani ya tura shi baya, wani ya rage masa sauri. Da yawa daga littattafan ƙari da aka rubuta kafin 2024 wannan giɓin suka zo cikewa, in kuna wasa da sabuwar doka za ka iya biyan kuɗi a kan abin da ka riga ka mallaka. In wani wasan labarin kuke yi, kamar Pathfinder ko GURPS, su ma kowanne da bugunsa, tambayar ɗaya ce.

Daga nan sai ka nemi abin da ke akwai kyauta ta halal. Kamfanin Wizards of the Coast ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar, abin da ake kira SRD, ƙarƙashin lasisin Creative Commons a farkon 2023, akwai shi har da Faransanci, kuma jadawalin makamai da kayan kariya yana ciki. Masu Pathfinder kuma dokokinsu na kan shafin Archives of Nethys kyauta. Sauke su ka ajiye a waya, da su za ka auna sabon littafin.

Yanzu ga aikin da ya fi muhimmanci kuma a nan zan daɗe. Shagunan intanet irin DriveThruRPG sukan bar ka ka leƙa wasu shafuka kafin ka biya, ka buɗe samfurin nan ka nemi jadawalin makamai, ka ɗauko uku ka yi musu lissafi. Lissafin ba wuya. De mai fuska takwas in ka yi ta jefawa matsakaicinsa 4.5 ne, mai fuska goma 5.5, mai sha biyu 6.5, de biyu masu fuska shida kuma 7. A dokar asali dogon takobi 1d8, wato jifan de ɗaya mai fuska takwas, yake cirewa daga jinin abokin gaba in da hannu ɗaya ka riƙe, 1d10 in da hannu biyu, kuɗinsa a cikin wasa zinariya 15. Babban takobi 2d6 yake yi amma dole hannu biyu, ka rasa garkuwa kenan. Ka ga akwai ciniki a ciki, ka samu nan ka rasa can. To in ka ga sabon littafi ya kawo takobin hannu ɗaya mai 2d6, ba nauyi ba tsada ba wani sharaɗi, ka san ya kashe dogon takobi da babban takobi gaba ɗaya, sati biyu kowa a fada shi zai riƙe, kuma littafin da ya yi alkawarin ƙara zaɓi ya rage shi zuwa ɗaya. Ɗayan ciwon kuma kishiyar wannan ne, takubba ashirin masu sunaye daban-daban na ƙasashe daban-daban, amma duk 1d8, duk nauyi ɗaya. Wannan fenti ne kawai, kai ma za ka iya ce wa dogon takobi kansakali ka ci gaba da wasa ba ka biya ko dala ba.

Sulke ma haka za ka yi masa, sai dai shi ya fi haɗari don ƴan wasa ba sa ganin girman lamba ɗaya. De mai fuska ashirin ake jefawa wajen kai hari, saboda haka kowace lamba ɗaya da aka ƙara wa kariya kashi 5 cikin 100 ce. A ce ɗan fashi yana da +5 a hari, wato ana ƙara 5 a kan abin da ya jefa, sai jimillar ta kai lambar kariya saran ya samu. Mai sulke 16 sai ɗan fashin ya jefa 11 ko sama, rabi da rabi kenan. Mai cikakkiyar rigar ƙarfe 18, sai ya jefa 13, kashi 40. Ƙara garkuwa ya zama 20, sai ya jefa 15, kashi 30. To yanzu littafin ƙari ya zo da wata riga da wata garkuwa da suka kai mutum 22, sai ɗan fashi ya jefa 17, kashi 20 kenan, wato daga sara uku cikin goma an koma biyu, an cire sulusin dukan da gwarzon nan ke sha. Kai mai jan wasa dole ka ƙara wa abokan gaba ƙarfi don su taɓa shi, kuma waɗannan abokan gaban su ne za su juya su tattake mai sihirin da ba ya sanye da komai sai riga. Na ga wannan da idona, wani ƙanenmu da ke wasa da mai sihiri ya faɗi sau uku a dare ɗaya, ya ajiye takardarsa ya ce "yaya, ni fa ba na jin daɗin wasan nan yanzu", kuma gaskiyarsa. A dokar asali rigar ƙarfen nan zinariya 1,500 ce, sai mai ƙarfi 15 ke ɗaukarta ba tare da saurinsa ya ragu ba, kuma tana wahalar masa da saɗaɗawa. Littafi mai kyau in ya ba da kariya sama da haka zai karɓi wani abu mai zafi a madadi. In bai karɓa ba, rufe shi.

Abin da nake nema a littafi mai kyau shi ne makamin da ke canza yadda ake tsayawa a fili. Mashi mai tsawo da ke tsayar da doki kafin ya iso, gatarin da ke fasa garkuwa amma in ka kuskure ka buɗe kanka, kulkin da ke aiki a kan rigar ƙarfe inda takobi ke zamewa, baka da ke lalacewa in ruwa ya jiƙa tsirkiya. Irin wannan in ka karanta za ka ji kanka ya fara ƙirƙiro fage, ka ga ƙofar gari, ka ga mahaya suna tahowa. In ka karanta shafi biyar kanka bai ƙirƙiro komai ba, alama ce.

Sai gwajin agogo. Kwafe doka biyu ko uku daga samfurin a kaye, ka shirya faɗa ɗaya ƙarami, gwaraza huɗu da ƴan fashi shida, ku buga shi da dokar da kuka saba ka duba minti nawa ya ci a waya, sannan ku sake buga shi da sabuwar dokar. Wasu littattafan suna da dokar inda sara ya sauka, kai ko hannu ko ƙafa, da dokar tsufan sulke, da dokar dakushewar kaifi, kowacce da jifanta da jadawalinta. A karatu abin sha'awa ne, a tabarma kuma faɗan minti ashirin sai ya koma awa guda, shayi na uku ya huce, biyu sun koma kan Facebook, ga kuran an ɗauke ana haska jadawali da tocilan waya. Mu da muke haɗuwa sau ɗaya a sati, awa uku ko huɗu, wasu ma sai sun nemi kabu-kabu zuwa Harobanda kafin dare ya yi nisa, ba mu da awa guda ta zubarwa. Ni dokata ita ce in sabon tsarin ya ninka lokacin faɗa, ba na ɗaukarsa duka, sai dai in tsinci guda ɗaya.

Akwai kuma tambayar da ta shafe mu mu kaɗai, wadda masu sharhi na waje ba za su yi maka ba, shin kayanmu na ciki? Mu labarinmu ba a dajin Turai yake faruwa ba, a wata ƙasa muka sa shi mai ganuwa da fatake da rijiyoyi da ayarin raƙuma, kuma yawancin littattafan nan kayan yaƙin Turai ne da ɗan na Japan a ƙarshe. Dubi yadda dokar asali ta ɗauki rigar auduga mai ɗinki, kariya 11, zinariya 5, ita ce ta ƙasa a jadawali, kayan talaka. Alhali a nan lifidi kayan manyan barade ne, doki da mahayi duk a lulluɓe, an cusa audugar rimi, ƴan lifidi su ne ƙarfin rundunar sarki, kuma tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi yana da dalili, inda ake harbi da kibiya mai dafin kwankwani ƙwarzane kaɗan ya isa, don haka abin da ke shanye kibiya kafin ta taɓa fata ya fi komai daraja. Yana kuma da rauninsa, wuta na kama shi, yana da nauyi da zafi, mahayin da ya faɗo da wuya ya tashi shi kaɗai. Ka ga wannan cikakkiyar doka ce ta wasa a shirye, ƙarfi a gaban kibiya, rauni a gaban wuta da rana. Ga takobin Buzaye mai miƙaƙƙen ƙarfe, ga garkuwar fatar warwaji mai faɗi, ga asigiri, ga barandami, ga bindigogi da igwa da aka ƙera a Damagaram zamanin Sarki Tanimun. In littafi yana da babi kan Sahel ko ma dai yana da dokar zafi da ƙishirwa ga mai sanye da ƙarfe, darajarsa ta ƙaru a wurina sosai, domin duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasa cikin Yamai a watan Afrilu ya san mutum ba zai yini cikin rigar ƙarfe ya kuma yi faɗa da la'asar ba.

In babu, kar ka damu, je ka gidan tarihi na Boubou Hama da yamma ka zaga, ka tsaya wurin maƙera da dukawa masu aiki a can. Na taɓa zama kusa da wani dattijo maƙeri yana gyaran kuben takobi, na gaishe shi na ce baba, in mutum zai yi tafiyar kwana goma wane zai ɗauka, takobi ko mashi? Bai ɗago ba ya ce "ɗana, mashi ka tokara shi ka yi tafiya, takobi kuwa sai ya ɗauke ka a kafaɗa kai ma ka ɗauke shi". Ya miƙo mini takobin na riƙe, na ji inda nauyin ya zauna, kusa da hannu, ba yadda nake zato ba. A daren nan na rubuta wa mashi doka a kayena, mai riƙe da shi ba ya saurin gajiya a doguwar tafiya, kuma tun daga nan mutum biyu a fada suka koma mashi da kansu.

To a ce littafin ya tsallake duk wannan, saura kuɗi, kuma ka yi lissafin a sefa ba a yuro ba don lambar yuro tana yaudarar ido. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, saboda haka PDF na yuro 20 ya haura jika 13, littafin takarda na yuro 30 ya kusa jika 20 tun kafin a yi maganar kuɗin aikowa, wanda sau da yawa yakan kai kuɗin littafin ko ya fi, in da dala ta Amurka ake sayarwa kuma sai ka duba canjin ranar. Sannan biyan sai da kati irin Visa, in ba ka da shi sai ka nemi mai shi, ka ƙara ɗan abin da banki zai cire. PDF ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba, amma karanta jadawali a ƙaramar waya wahala ne, za ka so ka buga. Kar ka buga duka. In ana maka dala biyar a shafi, shafi 200 jika biyar kenan, alhali abin da za ka buƙata a tabarma bai wuce shafi goma sha biyar ba, buga waɗannan baƙi da fari ka sa a leda saboda shayi da ƙura. Duba harshe kuma, yawancinsu da Ingilishi suke, mu kuwa lakwal da Faransanci muka yi, in mutum ɗaya ne kawai a fada zai iya karantawa to duk dare shi zai zama tafinta, wasan ya tsaya a kansa.

Nasan za a ce ai ana samun PDF ɗin nan a gurup-gurup kyauta. Ana samu. Amma da yawa daga littattafan ƙarin nan ba babban kamfani ke yin su ba, mutum ɗaya ne ko biyu suka zauna wata da watanni suna rubutu da zane, hakkinsu ne, ni ba na so a ci nawa don haka ba na turawa. Hanyar da muke bi ita ce karo-karo, mu shida kowa ya kawo jika biyu da ɗan wani abu, a sayi ɗaya ya zauna hannun mai jan wasa, kuma wannan yana da wani amfanin, duk wanda ya sa kuɗinsa zai buɗe baki ya faɗi ko yana so ko ba ya so tun kafin a biya. Ka kuma yi haƙuri ka jira, shagunan nan suna yin rangwame lokaci-lokaci, sa littafin a jerin abin da kake so ka riƙa leƙawa.

Wa nake ce wa ya saya? Mai jan wasan da ya shekara yana yi, mutanensa masu son faɗa ne da dabarar fili, sun gaji da makaman asali da bakinsu, littafin na bugunsu ne, makamai ukun da ya lissafa ba wanda ya kashe sauran, kuma gwajin agogo bai ninka lokaci ba. Wannan ya saya, zai more. Wanda bai fi wata uku da farawa ba kuwa, ko ɗan wasa ne kawai da ke neman takobin da zai fi na abokansa, ina roƙonsa ya bari, jika 13 ɗin nan ya sayi de saiti biyu don a daina jiran ƙwaya ɗaya tana zagaya mutum shida, ya buga SRD, canjin a sa a sukari da ganyen shayi.

In kuma kun saya, kar ka zube littafin gaba ɗaya a tabarma daren farko. Zaɓi makamai biyar da kayan kariya biyu, ka sa su cikin labari, a hannun wani maƙeri a kasuwar garin da gwarazan za su sauka, ko a jikin shugaban ƴan fashi don su fara ɗanɗana zafin abin kafin su mallake shi. Ka gaya wa kowa tun farko cewa gwaji ne na sati huɗu, abin da ya ɓata wasa za a janye shi ba rigima, kuma ka rubuta wannan a shafin farko na kaye kowa ya gani. Mu yanzu muna sati na uku da dokar lifidi, asabar mai zuwa gwarazan za su tsallaka wani fili da tsakar rana, kuma maharban da ke jiransu a bayan dutse sun riga sun hura wuta.